Na Ƙarfe ko Na Nama: Gudan Jini da Zaɓin Bawul ɗin Zuciya

Kafin a shiga da mutum ɗakin tiyata don sauya masa bawul ɗin zuciya, likita kan zaunar da shi da iyalinsa ya tambaye su: na ƙarfe za a sa, ko na nama? Yawancin iyalai ƙarko suke fara tambaya, wanne ne zai fi daɗewa. Wannan ba ta da wuyar amsawa. Na ƙarfe kan kai mai shi ƙarshen rayuwarsa bai lalace ba, na nama kuwa yana tsufa. Inda gizo ke saƙar shi ne jini: yadda zai karɓi baƙon abin da aka dasa a hanyarsa, da ɗawainiyar da mai shi zai ɗauka kullum don kada jinin ya cure a kansa.

Zuciya tana da bawul huɗu, amma biyu na ɓangaren hagu ne aka fi sauyawa: mitral, wanda ke tsakanin ɗakin sama da na ƙasa, da na awota, wanda ke bakin babbar jijiyar da ke kai jini ga jiki. Kowannensu yana buɗewa yana rufewa kusan sau 100,000 a rana. Bawul ɗin da aka haifi mutum da shi yana lulluɓe da wata shimfiɗa mai rai, mai santsi, wadda da kanta take fitar da sinadaran da ke hana jini kamawa. Na hannun maƙeri ba shi da wannan. Da zarar jini ya taɓa shi, furotin ɗin cikin jini sai su liƙe, ƙananan ƙwayoyin da ke toshe rauni su biyo baya, sarƙar curewa ta tashi tamkar an ji ciwo a wurin. Tun ƙarni na 19 ake danganta wa likitan Jamus Rudolf Virchow sharuɗɗa uku na samuwar gudan jini: matsala a bangon da jini ke gogawa, matsala a yadda yake gudu, da matsala a jinin kansa. Bawul na ƙarfe ya kawo biyun farko a rana guda. Na ukun kuwa rayuwa ce ke kawo shi, ta hanyar juna biyu, ko zazzaɓi, ko ƙwayar cuta a jini.

Gudan yana cutarwa ta hanya biyu. Ko dai ya zauna a kan bawul ɗin ya girma har ya hana shi motsi, ko kuma wani ɓangare nasa ya ɓalle ya bi jini. Wanda ya ɓalle daga hagun zuciya, ƙwaƙwalwa ce mafi yawan masaukinsa, sai a wayi gari da shanyewar ɓarin jiki. Wani lokaci kuma ya toshe jijiyar ƙafa, ko ta ƙoda, ko ta ido.

Kusan dukan tarihin bawul na ƙarfe tarihin gudun wannan matsala ne. A 1960, a birnin Fotlan na Amurka, likitan tiyata Albert Starr da injiniya Lowell Edwards suka fito da ƙwallon roba a cikin keji na ƙarfe: jini ya turo, ƙwallo ya matsa gaba, jini ya dawo, ƙwallo ya toshe baki. Ƙarko kam ba a magana, akwai waɗanda suka haura shekara 40 da shi a ƙirji. Sai dai ƙwallon yana tsakiyar hanya, dole jini ya kewaye shi yana hargitsewa, kuma shi ne ya fi sauran haifar da gudaji. A 1969 aka samu na faifai guda mai karkata, wanda Viking Björk na Suwidin da Donald Shiley suka ƙera. Jini ya fi samun hanya, amma bayan faifan akwai lungun da gudunsa ke raguwa, kuma ranar da faifan ya maƙale, babu na biyun da zai rufa masa baya. Indiya ta ƙera nata irin wannan, TTK Chitra, mai sauƙin kuɗi, wanda ake dasawa tun 1990. A 1977 kamfanin St. Jude Medical ya kawo mai ganye biyu, kowanne kamar rabin wata, kuma shi ne samfurin da ya mamaye duniya har yau. Ganyayensa an yi su ne da wani nau'in gawayi mai tsananin tauri da santsi, wanda tun asali don lulluɓe makamashin nukiliya aka ƙirƙiro shi. Da gangan aka bar shi yana yoyon jini kaɗan baya yayin rufewa, don ya riƙa wanke maƙalan ganyayen, domin a nan gudan ya fi son farawa.

Duk wannan gyare-gyare ya rage haɗarin, bai kawar da shi ba. A 1994 masu bincike a Jami'ar Leiden ta Holan, ƙarƙashin Suzanne Cannegieter, suka tattara rahotannin shekaru masu yawa suka fitar da alƙaluman da har yanzu ake kafa hujja da su. Masu bawul na ƙarfe da ba sa shan kowane maganin tsinka jini, kusan 4 cikin 100 ne gudan jini mai tsanani ke ɓallewa a jikinsu kowace shekara. Masu shan irin su asfirin kaɗai, kusan 2. Masu shan warfarin ko danginsa, kusan 1. Huɗu cikin ɗari ba ta da ban tsoro a kunne sai an tuna kowace shekara ce, kuma wanda aka yi wa aiki yana ɗan shekara 25 yana fatan wasu 40 a gaba.

Binciken ya kuma nuna abin da marasa lafiya da yawa ba su sani ba: wurin da aka dasa bawul ɗin yana da nauyi kamar irinsa. Na mitral ya ninka na awota haɗari kusan sau biyu. A awota jini yana fita da ƙarfi da sauri, yana wanke komai a hanya. A mitral kuwa yana gangarowa ne a hankali daga ɗakin sama, wanda sau da yawa ciwon ya riga ya buɗa shi ya yi faɗi. Duk wanda ya san rafi ya san yashi a kwanar da ruwa ya rage gudu yake kwanciya. Idan aka haɗa da rikicewar bugun ɗakin sama, inda yake karkarwa maimakon matsa jini, ko raunin zuciyar gaba ɗaya, ko kuma mutum ya taɓa samun gudan a baya, haɗarin sai ya ƙara hawa. A ɓangaren dama, inda ƙarfin jini ya fi ƙasa, bawul na ƙarfe ya fi ko'ina saurin toshewa, shi ya sa likitoci kan kauce masa a can.

Wannan ne ya ɗaure mai bawul na ƙarfe da warfarin har abada. Maganin yana da tarihi mai ban mamaki: daga binciken shanun da ke mutuwa da zubar jini bayan cin ruɓaɓɓiyar ciyawa a Arewacin Amurka aka gano tushensa, a ɗakin binciken Karl Link na Jami'ar Wiskonsin. A 1948 aka fara sayar da shi a matsayin maganin ɓera, a 1954 aka amince mutane su sha. Aikinsa shi ne hana hanta amfani da bitamin K wajen haɗa sinadaran curewar jini. Wahalarsa kuma ita ce babu awo ɗaya da ya yi wa kowa daidai. Abin da ya ishi wani ya yi wa wani yawa, kuma ko a jikin mutum ɗaya yana sauyawa. Don haka ake gwajin jini da ake kira INR. Mai lafiya da ba ya shan magani, nasa kusan 1 ne. Mai sabon samfurin ƙarfe a awota ana so ya tsaya wajen 2.5, mai mitral ko tsohon samfuri wajen 3. Ya sauka ƙasa, gudan jini. Ya haura sama sosai, haɓo, fitsarin jini, ko zubar jini a cikin kai. Gaba kura, baya sayaki, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta da faɗi.

Abubuwan da ke girgiza wannan awo duk suna cikin rayuwarmu ta yau da kullum. Ganyaye irin su alayyafo, zogale, rama da kabeji suna da bitamin K, suna rage wa maganin ƙarfi. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a hana mara lafiya cin ganye baki ɗaya. Abin da ake buƙata daidaito ne: ya ci gwargwadon yadda ya saba, a daidaita masa magani a kan haka, ba ya yi wata guda bai taɓa ba sannan damina ta faɗi ya riƙa kwaɗo safe da yamma. Magunguna sun fi abinci haɗari. Flagyl da Septrin, waɗanda ake saya a kyamis ba takardar likita, suna iya harba INR sama cikin 'yan kwanaki. Rifampicin na tarin fuka yana yin akasin haka, yana zubar da shi ƙasa warwas. Diclofenac da ibuprofen na ciwon jiki suna ƙara zubar jini a ciki. Haɗe-haɗen gargajiya kuwa, babu mai iya faɗin abin da za su yi wa awon sai an gwada. Ko ƙaho da cire haƙori, da azumin da ke sauya lokacin ci da sha, duk abubuwa ne da ya kamata likita ya sani tun kafin lokacinsu.

Da sababbin magungunan tsinka jini suka fito, waɗanda ba sa buƙatar gwaji kowane wata, an yi zaton an huta. A masu rikicewar bugun zuciya sun yi nasara ƙwarai. A bawul na ƙarfe kuwa sun sha kaye sau biyu. A gwajin RE-ALIGN da aka buga a 2013, mai mutum 252, an tsayar da aikin tun kafin lokaci: mutum 9 cikin masu shan dabigatran sun samu shanyewar ɓarin jiki, babu ko ɗaya cikin masu warfarin, ga kuma zubar jini da ta fi yawa. A 2022 aka sake tsayar da wani, PROACT Xa, wanda ya gwada apixaban a kan bawul ɗin On-X na awota, wato a wuri mafi sauƙin haɗari da samfurin da ake yaba wa santsi, amma gudaji suka ninka kusan sau uku. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne, baƙon bango yana tayar da sarƙar curewa da ƙarfin da maganin da ke tare mataki ɗaya tak ba zai iya riƙewa ba, alhali warfarin yana raunana matakai huɗu lokaci guda. Sassaucin da aka samu kaɗan ne: tun 2015 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda mai On-X a awota ya sauko zuwa INR 1.5 zuwa 2 tare da asfirin, bayan wata uku da aiki. A mitral gwaji bai tabbatar da irin wannan sassauci ba. Saboda haka duk mai bawul na ƙarfe da wani ya ba shi shawarar ya koma sabon magani don gudun wahalar gwaji, shawarar na iya kai shi kabari.

Bawul na nama ana ɗinka shi ne daga bawul ɗin alade ko daga tantanin da ke lulluɓe zuciyar saniya. Likitan Faransa Alain Carpentier ne ya nuna, a ƙarshen shekarun 1960, yadda za a jiƙa naman a wani sinadari don jiki kada ya ƙi shi. Musulmin da zuciyarsa ba ta kwanta da na alade ba yana iya neman na saniya, wanda ma shi ne ya fi yawa a yau, kodayake malaman fiƙihu da dama sun halatta ɗayan bisa larura. Ganyayen bawul na nama uku ne masu taushi, jini yana bi ta tsakiya kamar na halitta. Haɗarinsa ya fi yawa a wata ukun farko, kafin jiki ya rufe zoben ɗinki da tasa shimfiɗar, shi ya sa akan ba da warfarin ko asfirin na wata uku zuwa shida, daga nan yawanci a bar mutum da asfirin kaɗai. Amma wanda yake da rikicewar bugu zai ci gaba da maganin tsinka jini ko da na nama aka sa masa, sai dai shi yana da damar shan sababbin. Gwajin RIVER na Barazil, a 2020, ya nuna rivaroxaban bai gaza warfarin ba a irin waɗannan.

An daɗe ana ɗauka na nama ba ya kama gudan jini sai nadiran. Hoton sikan mai ƙarfi ne ya gyara wannan zato. Tun da Alain Cribier ya fara dasa bawul ta cikin jijiya ba tare da tsaga ƙirji ba, a birnin Ruwan na Faransa a 2002, hanyar ta bazu a tsakanin tsofaffi. A 2015 aka fara ganin siririn gudan a gindin ganyayen wasu daga cikinsu, yana rage musu motsi, mai shi kuwa bai ji komai ba. Wani bincike na 2017 ya same shi a kusan 13 cikin 100 na waɗanda aka dasa ta jijiya, da kusan 4 cikin 100 na waɗanda aka dasa ta tiyata. Maganin tsinka jini yana narkar da shi. Sai hankali ya ce, to a ba kowa mana. Aka gwada a binciken GALILEO da rivaroxaban, sai mace-mace da zubar jini suka ƙaru, aka tsayar. Yau asfirin kaɗai ake ba yawancinsu.

Aibin na nama tsufa ne. Ganyayen suna taurara da sinadarin ƙashi, ko su yage. A jikin dattijo yakan kai shekara 15 ko fiye. A jikin matashi, musamman a mitral, yana iya gazawa kafin shekara 10, a yara ma ƙasa da haka. Wani tsohon gwaji a asibitocin tsofaffin sojojin Amurka, wanda ya bi maza 575 har shekara 15, ya fito da abin da a ganina shi ne zuciyar maganar: yawan ɓallewar gudan jini tsakanin masu ƙarfe da ke shan maganinsu da masu nama kusan ɗaya ne. Bambancin yana wani wuri. Masu ƙarfe sun fi zubar jini, masu nama sun fi komawa ƙarƙashin wuƙa. Daga irin waɗannan hujjoji ne ƙa'idojin Amurka na 2020 suka karkata ga ƙarfe a awota ga wanda bai kai 50 ba, ga nama ga wanda ya haura 65, tsakiya kuma a duba mutum da halinsa.

Sai dai waɗannan alƙaluma an samo su ne a inda ɗakin gwaji ke bayan gida, kuma mai ciwon galibi dattijo ne da shekaru suka cinye masa bawul. Namu ba haka yake ba. Abin da ke lalata bawul a ƙasashenmu shi ne ciwon zuciya na rumatik, wanda ke farawa da ciwon maƙogwaron yara da ba a yi wa maganin fenisilin ba, ya koma ya ci mitral a hankali. A 2019, kusan mutum miliyan 40 ne ke ɗauke da shi a duniya. Binciken REMEDY na 2015, wanda ya duba mutum 3,343 a ƙasashen Afirka 12, har da Najeriya, da Indiya da Yaman, ya samu tsaka-tsakin shekarunsu 28 ne, kashi biyu cikin uku mata. Cikin masu shan warfarin da aka auna, waɗanda INR ɗinsu ke daidai ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. A haɗa waɗannan wuri guda: ƙuruciya tana kiran ƙarfe, ciwon yana mitral inda haɗari ya ninka, gwaji kuma ba ya samuwa yadda ya kamata. Wannan 1 cikin 100 na Leiden ba a rubuta shi don matar da sai ta yi tafiyar rabin yini ta biya kuɗin mota da na gwaji ba.

Ga kuma haihuwa. Juna biyu da kansa yana ƙara wa jini saurin curewa. Warfarin shi ya fi kare bawul ɗin uwa, amma yana ratsa mabiyiya ya isa ga jariri, yana iya nakasa shi tsakanin mako na 6 da na 12, musamman idan awon ya haura miligiram 5 a rana. Allurar heparin ba ta isa ga jariri, amma a lokacin da aka koma kanta ne bawul ya fi maƙalewa, kuma tana buƙatar wani gwajin da ya fi INR wuyar samu. Wata ƙididdigar ƙasa da ƙasa da aka buga a 2015 ta nuna 58 cikin 100 ne kacal na masu bawul na ƙarfe suka kammala goyon ciki da ɗa mai rai ba tare da babbar matsala ba, alhali masu na nama 79 ne. A al'ummar da amarya ke jin tambayar ko an samu ƙaruwa tun kafin shekara ta zagayo, wannan magana ba ta bayan tiyata ba ce. Da ita da mijinta ya kamata a yi ta, tun kafin a zaɓi bawul. Na nama zai ba ta shekarun haihuwa cikin sauƙi, amma da sharaɗin tiyata ta biyu, wadda iyalin da suka sayar da gona don ta farko ba lalle su iya ba. Shi ya sa likitocin da suka san wannan ciwo suke fifita gyaran mitral ɗin mutum na asali duk inda zai gyaru, ko buɗa shi da balan-balan idan tsukewa ce kawai, domin a nan babu baƙon abu a hanyar jini.

Tun 1974 aka yi tiyatar buɗe zuciya ta farko a Najeriya, a asibitin koyarwa na Inugu, amma har yau mutane da dama Indiya suke zuwa, wasu kuma a baya sukan je cibiyar Salam ta Khartum da ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe a 2007 don aiki kyauta. Mutum ya dawo gida da takardar sallama da maganin 'yan makonni, 'yan uwa su yi ta barka, a ɗauka an gama. A wannan gaɓar ake rasa mutane. Wanda ya ji sauƙi yakan ga babu dalilin ci gaba da magani, ko maganin ya yanke a garinsu ya ce sai an shiga birni.

Mai bawul na ƙarfe yana jin ƙarar bawul ɗinsa, ƙyas-ƙyas, musamman da dare. Idan ƙarar ta dusashe ko ta sauya, ko numfashi ya fara yi masa wuya kamar kafin aiki, ko baki ya karkace, hannu ya yi sanyi, magana ta harɗe ko da na minti kaɗan ne, wannan na asibiti ne a ranar, ba na jira a gani ba. Hoton eko, musamman wanda ake zurawa ta maƙogwaro, shi zai bambanta sabon gudan da tsiron nama da kan mamaye zoben a hankali. Sabon gudan ana iya narkar da shi da allura, kuma likitocin Turkiyya sun nuna bayar da ita kaɗan-kaɗan a tsawon sa'o'i ya fi aminci. Tsiron nama kuwa sai wuƙa.

Akwai ƙaramar na'urar auna INR da ɗigon jinin yatsa, irin ta masu ciwon sukari. Wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2012 ya nuna masu auna kansu da ita sun rage ɓallewar gudan jini da kusan rabi. Tsinken gwajinta yana da tsada ga mutum ɗaya, amma na'ura guda a babban asibitin ƙaramar hukuma, da ma'aikaciyar jinya ɗaya da ta iya daidaita awo tana kiran likita a waya, za ta ishi duk masu bawul na yankin, kuma kuɗinta bai kai na tikitin jirgi ɗaya zuwa Indiya ba.